Ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba: littafin aikin mako bakwai

Asabar, 4 ga Mayu

Na buɗe wannan littafi ne don na fara manta abin da na duba da wanda ban duba ba. Motar Mazda MX-5 ce ta 2001, zubi na biyu, wanda aka ƙera daga 1998 zuwa 2005, mai inji 1.8. Wata biyar ke nan da shigowarta hannuna. Inji lafiya lau, giya na shiga sumul, amma akwai wata ƙara a ƙafar gaba da ta hana ni sakat.

Bari in kwatanta ta tun yanzu, tunda duk aikin da zai biyo baya a kan wannan kwatancin zai tsaya. Ƙara ce siririya, busasshiya, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar an jefa tsakuwa biyu a gwangwani ana girgizawa. Ba ta yi kama da gurnanin boris ba, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu, wanda ke ƙaruwa in gudu ya ƙaru. Tana fitowa ne a gudun kilomita 20 zuwa 40 a awa, a kan kwaltar da ta yi ƙuraje ko ta sha faci. In na hau babban tudun rage gudu a hankali, tayoyin biyu a tare, shiru kake ji. A babbar hanya mai santsi ma shiru. Kunnena na gaya mini daga gefen fasinja take, can ƙasan dashbod.

Motar ƙarama ce, nauyinta tan ɗaya ne da 'yan kai, kuma direba na zaune dab da ƙasa, don haka duk motsin da ƙafarta ta yi yana jin sa a jikinsa. Wannan jin shi ne daɗin tuƙa ta, shi ya sa ƙarar ke ɓata mini rai haka. Ban da ɓacin rai akwai tsoro. Abin da ke ƙara a ƙafar mota abu ne da ya saki, kuma har sai na san ko mene ne ba zan shiga kwana da gudu hankalina a kwance ba.

Yau na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na kwashe komai daga but: jak, tayar ajiya, sifanar taya. Batirin wannan motar a but yake zaune, na girgiza shi, maɗaurinsa daram. Na zazzage aljihun dashbod, na duba makullan rufin tamfol guda biyu. Notunan tayoyi, littafin motar ya ce a ɗaure su tsakanin 89 da 117 a ma'aunin Newton-mita, na saita duka a 105. Ƙarar na nan.

Na kuma zaɓi wani ɓangaren hanya mai kamar mita 300 da kwaltarsa ta lalace. Daga yau nan ne wurin gwaji: gudu 30, rufi a rufe, gilasai a sama.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na ɗauki ƙanena muka yi ta kai-kawo a hanyar gwaji, sau tara.

Gwaji na farko shi ne birki. In fad ɗin birki ne ke rawa cikin kalifa, wato mariƙin da ke matse shi da faifan birki, da zarar ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu kana tafiya, fad ɗin zai manne da faifai ya yi shiru. Na taɓa, ƙarar ba ta ko rage ba. Na biyu, na taka kuloci na bar motar ta gangara da kanta, don in ga ko nauyin inji a kan giya na da hannu a ciki. Babu bambanci. Na uku, na riƙa karkata sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan. A nan na ga kamar ta ɗan ragu in na karkata dama, amma da na maimaita sau biyu sai ban ƙara jin bambancin ba, don haka ban rubuta shi a matsayin hujja ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar ƙanena. Yana zaune a kujerar fasinja, daidai inda nake zargi, sai ya ce, "Yaya, ni fa daga bayana nake jin ta." Muka canza wuri, ya tuƙa na zauna, ni kuma na ji ta a ƙarƙashin ƙafata. Ƙarfe na ɗaukar sauti ya kai shi nesa. A wannan motar ma akwai wani dogon ƙarfen alminiyam da ya haɗa akwatin giya da difaranshal a baya, ga kuma gangar jikin kanta, duk hanyoyi ne da ƙara za ta bi ta ɓulla inda ba a haife ta ba. Daga yau na rage amincewa da kunne tsura.

Laraba, 8 ga Mayu

Matokaran ƙarfe guda biyu sun iso, da liba doguwa da gudumar roba. Ba na shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Aiki sai Asabar.

Asabar, 11 ga Mayu

Na ɗaga gaban motar na ɗora a kan matokarai, na sa katako a bayan tayoyin baya.

Ƙafar wannan motar, gaba da baya, hannu biyu ne kowane gefe, na sama da na ƙasa, kowanne da siffar baka mai rassa biyu. Shokozoba da sifirin a haɗe suke, sifirin ya nannaɗe shokozobar, ƙasansu na zaune a kan hannun ƙasa, samansu kuma ya shiga wata hula ta ƙarfe da aka ɗaure wa jikin mota da noti biyu. A tsakiyar hular sandar shokozoba ke leƙowa da nata notin.

Kafin in cire taya na kama ta sama da ƙasa na jijjiga, don jin boris da boljoyin, wato ƙwallon da ya haɗa hannu da mazaunin taya. Na kama ta gaba da baya na jijjiga, don jin tayirod, wato sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya. Gefe biyun babu wasa. Na cire tayoyi, na bi kowane bushin, wato robar da ke mahaɗar hannu da jikin mota, da liba ina dannawa ina kallo. Robobin sun tsufa, akwai ƙananan tsage-tsage a fuskarsu, amma babu wanda ya rabu da ƙarfensa. Shokozoba ba ta zubar da mai, kuma da gani ba ta asali ba ce, wani ya canza duka biyun kafin motar ta zo hannuna. Sifirin bai karye ba, na bi shi da yatsa har zagayen ƙarshe, don can ƙasa ya fi karyewa inda ido ba ya kai wa. Na ja kalifa, fil ɗinta na zamewa daidai, ƙananan maƙalan fad duk suna wurinsu.

Sai na buɗe bonet na sa sifana a notunan hular shokozoba, biyu-biyu kowane gefe, da na tsakiya. Duk a ɗaure tam. Na taɓa washar da ke ƙarƙashin notin tsakiya, ko motsi. Na rubuta a takarda: saman shokozoba lafiya. Na ja layi a kai.

Da gudumar roba na bi ƙarƙashin motar ina bugawa, daga gaba har baya. Wuri ɗaya ne ya amsa: wani faranti siriri da ke kare jikin mota daga zafin salansa, tsatsa ta cinye gefen ramin kusarsa, yana ta kacau-kacau. Gobe zan gyara shi.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na sa wa farantin babbar washa sama da ƙasa na ɗaure. Da na tayar da inji sai na lura wani zirin da ke tashi in inji ya kai wajen juyi 2,500 a minti ya ɓace, alhali ban ma san ina jin sa ba sai da ya tafi. Na fita da murna zuwa hanyar gwaji. Mita 50 na farko shiru, har na fara murmushi. Da tayar ta hau facin farko sai ga ta, ƙwas-ƙwas-ƙwas, yadda na san ta. Ashe ƙara biyu ce a motar, na kashe ƙaramar. Amfanin da na samu shi ne yanzu babbar ta fito fili, babu mai rufe ta.

Asabar, 18 ga Mayu

Duk mako ina tunani a kan abu ɗaya: me ya sa take shiru a tudun rage gudu? A tudun, tayoyin biyu na hawa tare. A kwalta mai ƙuraje kuwa kowace taya da nata motsin. Abin da ke aiki in taya ɗaya ta saɓa wa ɗaya shi ne sitabilaiza, sandar nan da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama don hana mota kishingiɗa a kwana. Tana haɗe da hannun ƙasa ta wasu gajerun linkeji masu ƙwallo a kowane kai, kuma in ƙwallon ya ci, irin wannan ƙarar yake yi. Lissafin ya zauna mini sosai, har na sayo linkeji biyu tun ranar Alhamis.

A nan na yi kuskure, kuma ina so ya zauna a rubuce. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a kwance linkejin biyu, a ɗaure sandar sama da waya, a tuƙa a hankali. In ƙarar ta tafi, sitabilaiza ce, in tana nan a nemi wani wuri. Na san wannan gwajin. Na tsallake shi don na riga na gamsu da lissafina.

Aikin kansa bai zo da sauƙi ba. Ƙwallon linkeji na juyawa tare da notinsa, don haka akwai rami mai kusurwa shida a bakin kusar da ake sa alanki a riƙe. A gefen direba ya kwance da ɗan man sassauta tsatsa. A gefen fasinja ramin ya cika da tsatsa, ban tsaya na ƙwaƙule shi da kyau ba, alankin bai shiga har ƙasa ba, ina murɗawa sai ya zame ya mayar da ramin zagaye. Na gwada filaya mai kulle ta baya, babu wurin kamu. Ƙarshe sai zarto. Wurin matsattse ne, zarton ba ya tafiya fiye da tsawon yatsa, na yi sama da awa ɗaya a kwance a gefe ɗaya ina yanka, tsatsa na zubo mini a fuska. Bayan hannuna ya sha yanka biyu a gefen faifan birki.

Tsohon linkejin da na yanke, da na jujjuya ƙwallonsa a hannu, ya ɗan saki amma ba ya ƙara. Tun a nan jikina ya yi sanyi. Na ɗaura sababbin, na sauke motar, na je hanyar gwaji gab da faɗuwar rana. Babu abin da ya canza.

Talata, 21 ga Mayu

Na yi gwajin da ya kamata in fara da shi. Na kwance linkejin biyu, na ɗaure sandar, na tuƙa a hankali. Ƙarar na nan, ke nan robobin da ke riƙe sandar a jikin mota ma ba su ba ne. Na mayar da komai. Sitabilaiza ta fita daga zargi gaba ɗaya.

Asabar, 25 ga Mayu

Na kai motar wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana aikin ƙafar mota. Na karanta masa abin da na rubuta, ya saurara bai katse ni ba. Da na zo kan jijjiga taya sai ya ɗaga hannu.

"Ɗana, a ina ka sa jak lokacin da ka jijjiga?"

Na ce, "A jikin mota, Baba, ƙafar na lilo."

Ya ce to ban gwada boljoyin ɗin ƙasa ba tukuna. Bayaninsa ya shige ni. A irin wannan ƙafar, sifirin a kan hannun ƙasa yake zaune. In ka ɗaga jikin mota ka bar ƙafar na lilo, sifirin na tura hannun ƙasa da ƙarfin da hannun mutum ba zai iya rinjaya ba, sai ya matse duk wani wasa da ke ciki, ka jijjiga ka ji tam alhali abin ya ci. Sai an sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da boljoyin, jak ya karɓi ƙarfin sifirin, sannan a zura liba ƙarƙashin taya a ɗaga.

Ya yi haka a gabana. Gefen direba shiru. Gefen fasinja, da ya ɗaga libar, na ga wani ɗan motsi da idona, ƙasa da milimita ɗaya, robar boljoyin ɗin na numfashi. Ya ce wannan ya isa canji ko da ƙara ko babu. Na tambaye shi ko shi ne mai ƙarar. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ba zan ce maka shi ne ba. Nasa sautin ya fi wannan nauyi. Amma canza shi, sannan mu ji abin da ya rage."

Na so ya ce mini shi ne. Bai faɗa ba, kuma na ƙara ganin girmansa saboda haka.

Asabar, 1 ga Yuni

Canjin boljoyin. Sa'ar da aka yi, na ƙasa a wannan motar da kusoshi yake ɗaure a jikin hannun, ana cire shi shi kaɗai. Na sama ne yake a manne da hannunsa. Na sayi biyu, don ba na son canza gefe ɗaya in bar ɗaya.

Kusar boljoyin tana da siffar tsinin da ke cusuwa cikin raminsa, ko an cire noti ba ta fita sai an fizge ta. Abin da nake da shi wani ƙarfe ne mai baki biyu kamar cokali mai yatsu, ana cusa shi da guduma. Don in sami sarari sai na ce bari in fara raba kan tayirod da shi. Bugu na uku ya raba, amma ya yaga robar da ke rufe da ƙwallon, giris ya fito baƙi. Kan tayirod ɗin nan lafiyarsa ƙalau kafin in taɓa shi. In roba ta yage, ruwa da ƙura za su shiga, ƙwallon ya ci cikin 'yan watanni, kuma wannan shi ne abin da ke juya taya. Wannan ƙarfen na abin da za a jefar ne. Na abin da za a mayar, akwai mai kusa wanda ke matsawa a hankali ba ya taɓa roba. Na tsayar da aiki na je na sayo shi tare da sabon kan tayirod.

Na ƙirga zagayen da tsohon ya yi kafin ya fita, na mayar da sabon da adadi ɗaya. Wannan na kai mutum wurin saiti ne kawai, ba ya maye gurbin saitin.

Alhamis, 6 ga Yuni

An yi saitin tayoyi a kan na'ura. Sitiyari ya miƙe, motar ta fi natsuwa a kwana, boljoyin ɗin nan da gaske ya gaji. Ƙarar kuwa tana nan daram.

Abin da ya fita daga aljihuna zuwa yau: matokarai da kayan aiki, linkeji biyu, boljoyin biyu, kan tayirod ɗaya, marabi mai kusa, kuɗin saiti. A cikinsu linkeji da tayirod da saiti duk gaggawata ce ta jawo su. Mai saitin ya ba ni shawarar canza bushin gaba ɗaya. Aiki ne babba, kusoshin saiti na hannun ƙasa kan manne da ƙarfen cikin bushin saboda tsatsa har sai an yanke, kuma bayansa sai an sake wani saitin. Na ƙi. Ba zan ƙara sayen komai ba sai na ɗora yatsa a kan wurin da ƙarar ke fitowa.

Asabar, 8 ga Yuni

Na samo ƙaramin makirfo mai maƙali da doguwar waya, irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga. Na naɗe kansa da tsumma saboda iska, na manna shi da salatif a jikin ƙarfe, na ja wayar ta gefen bonet zuwa cikin mota, nesa da bel da salansa. Ƙanena ya riƙe wayar salula yana naɗa, yana faɗin sunan wuri a farkon kowane zagaye.

Wuri shida muka gwada, kowanne zagaye ɗaya a gudu 30: kusa da akwatin sitiyari, gindin hannun sama na hagu da na dama, saman hular shokozoba ta hagu da ta dama, sai cikin but don maganar ƙanena ta ranar farko.

Da muka dawo muka saurara da abin kunne. A but, ƙarar can nesa. A akwatin sitiyari ana jin ta amma a dushe. A hular gefen direba, gurnanin hanya ne kawai da ɗan amo. Da muka zo hular gefen fasinja sai da ƙanena ya cire abin kunnen. A zanen sautin da wayar ke nunawa, layin ya yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto.

Na koma takardar 11 ga Mayu. Ga rubutuna, saman shokozoba lafiya, da layi a kai. Na sake sa sifana a notin tsakiya, a ɗaure yake, ko gezau. Na kwanta ina tunanin ko cikin shokozobar ne wani abu ya saki, wanda ke nufin sayen sababbi biyu.

Lahadi, 9 ga Yuni

Da safe na buɗe bonet don in cire ragowar salatif. Motar na tsaye a ƙasa a kan tayoyinta. Ina ɓamɓare salatif ɗin sai yatsana ya goga washar da ke ƙarƙashin notin tsakiya, ta juya. Na sake taɓa ta, ta juya sakayau kamar zobe a siririn yatsa. Na ɗaga ta da farce, ta ɗagu, ta koma ta ce ƙwas. Na je gefen direba, tasa ko da filaya ba ta motsi. Da na haska fitila na ga wani jan gari kamar hoda a kewayen washar, irin tsatsar da ƙarfe ke fitarwa in ya daɗe yana gogar ɗan'uwansa.

Na zauna a bakin taya ina warware abin. Maganar Baba ce dai ta boljoyin, ta dawo a wani wuri. Ranar 11 ga Mayu motar na kan matokarai, ƙafar na lilo, shokozoba ta miƙe iya tsawonta, sifirin na tura hular sama ya matse ta da washar. Shi ya sa na ji tam. Yanzu da motar ke ƙasa, nauyinta na kan sifirin, sandar shokozoba ta sami sake, gas ɗin cikinta na tura ta sama, sai tazarar ta bayyana a ƙarƙashin washa.

Notin kuma bai yi ƙarya ba, a ɗaure yake. Sai dai ya ɗaure ne a ƙarshen zaren kusar, ya kai inda ba zai ƙara gaba ba, tun bai matse robobin da ke tsakani ba. Sifana na gaya maka noti ya tsaya, ba ta gaya maka a kan me ya tsaya ba.

Har batun tudun rage gudu ya warware. A tudun, sandar na hawa sau ɗaya ta sauka sau ɗaya, a hankali. Gudun kilomita 30 a awa kuwa mita 8 ne da ɗan kai a daƙiƙa. In ƙurajen kwalta na da tazarar rabin mita, sandar na hawa da sauka wajen sau 16 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane juyi sai ta ratsa wannan tazarar ta buga.

Na zura ma'aunin tazara, ya ba ni kusan milimita 2. Na kira Baba a waya na gaya masa. Ya ce kada in cusa washa ta sama in rufe, in fito da shokozobar in ga abin da ya ɓace.

Asabar, 15 ga Yuni

Na fito da shokozoba biyun don in kwatanta. Hanya mafi sauƙi a wannan motar ita ce a kwance linkeji, a cire kusar ƙasan shokozoba da notunan hula biyu, sannan a zare doguwar kusar da ke riƙe da gindin hannun sama, ƙafar ta faɗo waje ta ba da hanya. Haka ba a taɓa kusoshin saiti ba. Na rataye abin da ya kamata da waya don kada tiyon birki ya ɗauki nauyi.

Na sa mamatsin sifirin gefe biyu, ina murɗa wannan kaɗan in koma wancan, bakin hular na kallon bango. Sifirin da ya kuɓuce na iya karya hannu ko fuska, a nan babu gaggawa. Na riƙe bakin sandar da ƙaramar sifana na kwance notin da hannu.

Na jera kayan kowane gefe a kan kwali yadda suka fito. Gefen direba: noti, washar sama, robar sama, hula, robar ƙasa, sai wata washa mai kauri da ke zaune a kan kafaɗar sandar. Gefen fasinja duk suna nan ban da ta ƙarshen. Wanda ya canza shokozoba kafin ni ya bar ta a waje. Tunda babu ita, kafaɗar sandar ta riƙa cin robar ƙasa kai tsaye, ta haƙa mata rami, gefen ramin ya yi baƙi yana sheƙi, ya farfashe. Wataƙila a farko robar na cike gurbin, sai da ta cinye sannan ƙarar ta fito. Hakan ne ma zai sa ban ji ta ba ranar da na gwada motar kafin saye.

Na riƙe sandar na tura na ja. Shokozobar kanta lafiyarta ƙalau, tana turjiya daidai, babu wurin da take zamewa. Saura ƙiris da na sayi sababbi biyu.

Na yi odar washar da robobin sama da na ƙasa na gefe biyun. Duk cikin abin da na saya a wannan aikin su ne mafi araha. Motar za ta kwana a kan matokarai har su iso.

Alhamis, 20 ga Yuni

Kaya sun iso. Na gwada washar a kan kafaɗar sandar, ta zauna cif.

Asabar, 22 ga Yuni

Na haɗa komai. Wannan karon na kalli robobin suna kumbura kaɗan a ƙarƙashin washa tun kafin sifanar awo ta ce ƙas, na kuma tabbatar akwai ragowar zare a ƙasan notin. Doguwar kusar hannun sama da ta ƙasan shokozoba ban ɗaure su gaba ɗaya ba sai da na sa jak na ɗaga hannun ƙasa ya kai tsayin da yake zama in mota na tsaye. In aka ɗaure bushin ƙafa na lilo, robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri.

Na sauke motar, na tura ta gaba da baya ta zauna, sannan na buɗe bonet na taɓa washoshin biyu. Babu mai motsi. Na ɗiga farin fenti a kan kowane noti har ya taɓa zaren kusa, don in gane in ya juya.

Ni da ƙanena muka je hanyar gwaji, gudu 30, rufi a rufe, gilasai a sama. Muka wuce facin farko, muka wuce na biyu, babu wanda ya yi magana. A ƙarshen mita 300 ya ce, "Yaya, juya mu sake." Sau huɗu muka yi. Ƙarar taya a kan kwalta ce kawai, da ɗan kukan robar rufi a saman gilashin gefena, wanda sai yau na fara jin sa.

Abin da ya rage: bayan kilomita 200 in duba fentin da notunan tayoyi. Asabar mai zuwa in ɗage kafet ɗin but in taɓa washoshin shokozobar baya, motar na tsaye a ƙasa, tunda mai yiwuwa hannu ɗaya ne ya ɗaura su duka huɗu. Tsohuwar robar da ta cinye kuma zan kai wa Baba, ya ce yana so ya gan ta.